Kafin Ka Ƙirga Wa Mai Shago Kuɗi: Zaɓen Furosesa da Katin Girafik Don Gem da Tace Bidiyo

Wani ƙanin abokina da ke ɗaukar bidiyon biki, daga kamu har dina, ya yi wata bakwai yana zubin adashi don ya daina kai aikinsa wurin wani a tace masa. Ranar da ya kwasa ya faɗa kasuwa sayen kwamfuta, da yamma ya kira ni baki har kunne: "Yaya, i7 na samo, har da katin girafik mai giga huɗu!" Na je na buɗe Task Manager, manhajar Windows da ke nuna kayan cikin kwamfuta da nauyin da suke ɗauka. Furosesar, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, i7-3770 ce, ta shekarar 2012. Katin kuwa, wanda shi ke zana hoton da ke fitowa a monita, GT 730 ne. Mai shagon bai yi masa ƙarya ko ɗaya ba, i7 ɗin ce, giga huɗun ma suna nan daram. Amma da muka ɗora bidiyon 4K a manhajar tace bidiyo ta Premiere, sai amarya ta riƙa tafiya da tsalle-tsalle, guɗa ta yi gaba, hoto yana biye da ita a baya. Da ƙaramar i3-12100 ya ɗauka, wadda ta fito a 2022, da ta yi wa wannan i7 fintinkau.

Suna ya saya. Nan ne akasarin kuɗin mutane ke nutsewa a wannan harka, shi ya sa ba daga kan kaya za mu fara ba.

Mataki na farko: wane aiki ne ke ciyar da kai?

Ɗauki takarda ka rubuta abu huɗu: gem ɗin da kake bugawa, monitar da kake da ita, kyamarar da bidiyonka ke fitowa daga ciki, da manhajar da kake tacewa da ita. In gem ne nishaɗi, tace bidiyo kuma shi ne sana'a, to sana'ar ce ke da fifiko a duk inda buƙatun biyu suka yi karo.

Gem suna suka tara. Mai buga eFootball ko FC ko GTA V ko Valorant ba ya buƙatar abin da mai Cyberpunk 2077 yake buƙata. Sannan monita ita ce ke yanke nauyin da kati zai ɗauka. Hoton 1080p ɗigo miliyan 2 da 'yan kai ne, 1440p kusan miliyan 3.7, 4K kuwa kusan miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p. In monitarka mai 60Hz ce, firem 60 kawai za ta nuna maka a daƙiƙa, ko da katinka yana fitar da 200. Sayen babban kati a jona shi da irin wannan monita kamar sayen tirela ne don kai yara makaranta.

Batun kyamara shi mutane suka fi tsallakewa, alhali shi ne gishirin miyar. Sauke ƙaramar manhajar nan ta kyauta, MediaInfo, ka buɗe ɗaya daga fayilolinka da ita. Duba ko H.264 ne ko HEVC, 8-bit ne ko 10-bit, 4:2:0 ne ko 4:2:2. Rubuta abin da ka gani, za mu dawo kansa. Kyamarori irin su Sony A7 IV da A7S III da Canon R5 da R6 suna iya ɗaukar 10-bit 4:2:2, kuma irin wannan fayil ne ke durƙusar da kwamfutocin da ake ganin ba su da na biyu.

Manhaja ma kowace da halinta. CapCut ba ta da yawan ci. Premiere Pro tana jingina da furosesa da injin kwance bidiyo, wanda bayaninsa ke zuwa a mataki na uku. DaVinci Resolve kati take tatsa, musamman wajen gyaran launi. After Effects kuwa RAM, ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinta, take sha kamar raƙumi ya sami rijiya.

Mataki na biyu: koyi karanta lambar, ba sunan ba

A Intel, ɗauki i5-12400F. Lambar 12 ta farko ita ce zubi, wato zubi na 12. Ita ce ta fi "i5" ɗin muhimmanci. K a ƙarshe na nufin ana iya ƙara mata gudu da hannu, tana kuma cin wuta da yawa. F na nufin ba ta da girafik na cikinta. A AMD, G na nufin mai girafik mai ɗan ƙarfi a ciki, X3D kuma mai ƙarin ma'ajiyar kusa da aka yi musamman don gem. A katin Nvidia, RTX 4060 zubin 40 ne, matsayi na 60. Matsayin nan kada ka raina shi: RTX 3050 ya fi RTX 2060 sabunta, amma bai kai shi ƙarfi ba.

In ta hannu za ka saya, ga iyakar da ba na son kowa ya sauka ƙasa da ita. Windows 11 a hukumance tana karɓar Intel ne daga zubi na 8 zuwa sama, AMD kuma daga Ryzen 2000, kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025. Duk wata i7 mai lamba 3 ko 4 ko 6 a farkon lambobi huɗu, bar wa mai shago abarsa.

Mataki na uku: furosesa

Furosesa tana da ƙwayoyi, kowace ƙwaya kamar ma'aikaci guda ce. Gem ya fi son ma'aikata kaɗan masu zafin nama. Fitar da bidiyo ya fi son taron ma'aikata. Ƙwaya 6 ta zamani ta wadaci yawancin gem da tace 1080p, har da 4K mara nauyi. Ryzen 5 5600 da i5-12400 duk ƙwaya 6 ne, kuma har gobe su ne dokin talaka. In kullum cikin 4K kake, ko kana haɗa kyamara biyu zuwa uku a aiki ɗaya kamar masu ɗaukar wa'azi da taron siyasa, nemi ƙwaya 8 zuwa sama. i5-13600K, alal misali, tana da 14, manya 6 da ƙanana 8.

Wanda gem ne kaɗai a gabansa, maganar ta fi sauƙi. Ryzen 7 7800X3D ta 2023 da 9800X3D ta ƙarshen 2024, kowace ƙwaya 8 da ma'ajiyar kusa mai MB 96, su ne a sahun gaba wajen gem. Amma wajen fitar da bidiyo, furosesa mai yawan ƙwayoyi a kuɗi ɗaya za ta riga su gamawa. Kada wani ya ce maka "ita ce ta fi kowace" ba tare da ya faɗa maka a wane aiki ba.

Yanzu ga wurin da nake so ka tsaya ka karanta sau biyu. Girafik ɗin da ke cikin furosesar Intel yana ɗauke da wani inji mai suna Quick Sync. Bidiyon kyamara a dunƙule yake zuwa, a matse, sai an kwance shi kafin ya fito a monita. In babu injin da aka keɓe don kwancewar, furosesa ce za ta yi da ƙarfin tuwo, shi ne za ka ga ta cika ɗari bisa ɗari alhali kallo kawai kake yi, ba ka ma fara gyara ba. Quick Sync na zubi na 11 zuwa sama yana kwance HEVC 10-bit 4:2:2, abin da katunan Nvidia ba su iya ba sai a zubin RTX 50 na 2025. Masu haɗa kwamfutar gem sun saba ba da shawarar a sayi mai F don ta fi araha, tunda dama akwai kati. Ga mai gem, shawara ce mai kyau. Ga mai tace bidiyo kuwa, arha ce da ba ta ado. In MediaInfo ta nuna maka HEVC 4:2:2, ƙara ɗan abin da ya sawwaƙa ka ɗauki i5-12400 ko 13400 marar F. Bayan ka haɗa, shiga BIOS, wato shafin saitin bod (babban allon da ake jona duk kayan a jikinsa), ka tabbatar girafik na ciki a kunne yake, domin wasu bod suna kashe shi da kansu da zarar sun ga an sa kati. Wayar monita kuma a jikin kati za ka jona ta, ba a jikin bod ba. Na sha ganin wanda ya yi wata guda yana zagin katinsa, ashe ko sau ɗaya bai taɓa aiki da shi ba.

Furosesa ba ta tafiya ita kaɗai, da bod da RAM take zuwa, don haka kuɗin ukun za ka lissafa tare. Soket shi ne mazaunin furosesa a jikin bod. AM4 na AMD tsoho ne, RAM irin DDR4 yake ɗauka, kayansa sun yi araha, amma hanyarsa ta zo ƙarshe. AM5 da ya fito a Satumbar 2022 DDR5 kaɗai yake karɓa, ya fi tsada, sai dai AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa furosesa har 2027 ko fiye, wato nan gaba kana iya canza furosesa ka bar bod ɗinka. LGA1700 na Intel ya ɗauki zubi na 12 da 13 da 14, kuma akwai bod ɗinsa na DDR4, akwai na DDR5. Tambayi wanne ne kafin ka sayi RAM.

Gargaɗi ɗaya game da manyan furosesoshin Intel na zubi na 13 da 14, musamman i7 da i9. A 2024 kamfanin ya amsa cewa wutar da ta wuce kima tana lalata wasu daga cikinsu a hankali, ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, ya kuma ƙara garantin shekara biyu. Gyaran yana hana lalacewa ne, ba ya warkar da wadda ta riga ta taɓu. Sabuwa, ka sabunta BIOS ranar farko. Ta hannu, ni dai ba zan saya ba.

Mataki na huɗu: katin girafik

Abu uku ake dubawa a jere: ƙarfin katin, girman ma'ajiyarsa da ake kira VRAM, da injin bidiyon da ke cikinsa.

Giga da yawa a kan raunannen kati ba ya tsinana komai, GT 730 ɗin ƙaninmu shaida ne. Amma kati mai ƙarfi da ƙaramar ma'ajiya shi ma yana da ranar kunya. Giga 8 tana yi a 1080p, sai dai sababbin manyan gem sun fara cika ta, sai ka ga hoto yana sarƙewa ko bango ya koma kamar an shafa masa laka. A Resolve kuma, in ka tara gyaran launi da tace ƙura a kan 4K, saƙon da kowane edita ya tsana zai fito cewa ma'ajiyar kati ta cika, aiki ya tsaya cak. Ra'ayina, wanda zai haɗa gem da 4K kada ya yi ƙasa da giga 12, in da hali 16.

Shi ya sa tsohon RTX 3060 mai giga 12 na 2021 har yanzu yake da daraja a wurin masu tace bidiyo. Ka lura, akwai 3060 mai giga 8, kuma ya fi wancan rauni, ba a ma'ajiya kaɗai ba. RTX 4060 ya fi 3060 gudu a gem, wat 115 kawai yake ci, amma giga 8 ne. RTX 5060 Ti iri biyu ne, mai 8 da mai 16, kuma tazarar farashinsu a ranar fitowa dala 50 ce, 379 da 429. Mai 16 ɗin nake nuna wa duk wanda ya tambaye ni. A ɓangaren AMD, RX 9060 XT mai giga 16 da RX 9070 XT suna ba da gem mai kyau a kuɗinsu. Arc B580 na Intel, giga 12 a dala 249 lokacin da ya fito a Disambar 2024, yana da injin bidiyo nagari, amma sai da bod na zamani da aka kunna wa saitin Resizable BAR a BIOS. A tsohuwar kwamfuta ba zai nuna kansa ba. Waɗannan farashin kamfani ne, kafin kaya ya iso Computer Village a Ikeja ko Beirut Road a Kano, canjin dala da kuɗin fito sun riga sun yi nasu aikin.

Nvidia ko AMD? In gem ne zalla, duba wanda ya fi ba ka firem a kuɗin da ke hannunka, shi ke nan. In akwai sana'ar bidiyo a ciki, Nvidia ta fi kwanciyar hankali, saboda manhajoji da yawa an gina su ne a kan fasaharta ta CUDA, manhajar zanen 3D ta Blender ma ta fi gudu a kanta. Ba soyayya ba ce, gudun ciwon kai ne.

Akwai katunan da edita zai guje wa ko kyauta-kyauta ake sayarwa. RX 6400 da RX 6500 XT ba su da injin ɗaure bidiyo, wato mai matse shi lokacin fitarwa, GT 1030 ma haka. Ma'ana fitar da aiki da watsa gem kai-tsaye duk a wuyan furosesa za su faɗa.

Mai laftof kuma, sunan iri ɗaya ne amma kayan daban. RTX 4060 na laftof ana iya ba shi wat 35 a wata na'ura, a ba shi sama da 100 a wata, kuma kwalin duka "4060" zai ce. Nemi adadin wat ɗin kafin ka yi ciniki.

Mataki na biyar: daidaita kaya

Ga mai gem, kusan rabin kuɗin kati ya kamata ya ci. Ga edita, rage wa kati kaɗan ka ƙara wa furosesa da RAM. Giga 16 na RAM shi ne mafi ƙaranci, 32 don 4K, kuma sanda biyu, ba ɗaya ba, domin sanda ɗaya rabin hanya take buɗewa. Bidiyon da kake aiki a kansa ya zauna a SSD, tsohon hadis mai juyawa a bar shi don ajiya.

In kana da kwamfuta tuni, kada ka sayi komai sai ka kama ɓarawon. Buɗe Task Manager yayin da kake cikin gem ko aiki. Kati ya cika, furosesa tana hutawa: kati za ka canza. Kati yana rabi, firem kuma ba ya ƙaruwa ko ka rage ingancin hoto: furosesa ce ta riƙe shi. Wani lokacin ma ba sai ka kashe ko sisi ba. Premiere da Resolve duk suna iya yi maka ƙananan kwafi masu sauƙi, furoksi, ka yi yanka da jeri da su, a ƙarshe manhaja ta fitar da aikin daga fayil na asali. Ƙanin nan namu da furoksi ya lallaɓa tsohuwar i7 ɗinsa har ya sake tara kuɗi.

Masu sayen kwamfutar ofis 'yar siririya irin OptiPlex ko EliteDesk da niyyar sa mata kati, ku buɗe ta tukuna. Fawa-fak ɗinta, wato abin da ke raba wa kayan ciki wuta, ƙarami ne, galibi ba shi da wayar ciyar da kati, akwatin kuma matsattse. Sai gajeren kati da ke shan wuta daga ramin bod kaɗai, wanda iyakarsa wat 75, kamar GTX 1650 ko RTX 3050 mai giga 6.

Mataki na shida: wuta, zafi da ƙura

Masu gwajin da kake kallo a YouTube a ɗaki mai sanyi suke, da wutar da ba ta ƙiftawa. Kai kuwa wataƙila a Kano kake ko Sakkwato ko Maraɗi, inda zafin Afrilu ke haura digiri 40. Furosesa in ta kusa iyakarta, digiri 100 a yawancin Intel, 95 a yawancin Ryzen 7000, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ka biya kuɗin i9, zafi ya mayar maka da ita baya.

Yi lissafin wuta tun a gida. i9-14900K kaɗai tana iya jan wat 253, RTX 5090 kuma 575. Ryzen 5 5600 da RTX 4060, har da monita, da wuya su wuce 300 gaba ɗaya. Batirin inbata mai 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400 a takarda, in kuma irin na ruwa ne rabin haka ya kamata ka ja don ya yi ƙarko. Kenan ƙaramin haɗin zai ba ka kusan awa huɗu, babban kuwa da ƙyar ya kai awa ɗaya da rabi, in ma inbatar ta yarda ta ɗauke shi. Bidiyon biki na awa biyu da wuta ta ɗauke yana kashi 90 cikin ɗari na fita, wanda ya taɓa gani ba ya buƙatar bayani.

UPS mai rubutun 650VA ba wat 650 ba ne, galibi bai ma kai 400 ba. Fawa-fak kuma kada ka yi masa rowa, marar suna in ya tashi mutuwa ba ya tafiya shi kaɗai. Lokacin hunturu, ɗaga kwamfutar daga ƙasa, ka riƙa busa ƙurar duk wata, kana riƙe da fanka da yatsa don kada iska ta juya ta fiye da kima.

Mataki na bakwai: a gaban kanta

Tun da aka daina haƙo kuɗin intanet na Ethereum da katin girafik a Satumbar 2022, katunan da suka yi shekaru suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya, wasunsu kuma nan suka sauka da sunan tokumbo. Ba duka ne matattu ba, amma fanka da ma'ajiya sun sha wuya. Akwai kuma na jabu, tsohon GTS 450 da aka canza wa suna ya koma GTX 1050 Ti, har Windows ta yarda da shi.

Don haka je da filashinka. Sa manhajojin gwaji na CPU-Z da GPU-Z da HWiNFO da FurMark a ciki, tare da fayil guda daga kyamararka. Ka ce wa mai shago cikin girmamawa, "Alhaji, a taimaka a jona min, in na gamsu ba zan taya da wasa ba." GPU-Z zai nuna ainihin ƙwayar katin, yana ma yi wa na jabu da yawa alama. Bar FurMark, mai ɗora wa kati nauyi, ya yi minti 15 zuwa 20 kana kallon zafi. Ɗigo-ɗigo masu launi, layuka a hoto, baƙin allo na daƙiƙa ɗaya, ko fanka mai kukan injin markaɗe, kowanne ya isa ka ajiye. Duba sukurorin bayan katin ko an taɓa kwance su, ka sunsuna ko akwai ƙaurin ƙuna, ka gwada kowane ramin HDMI da DisplayPort ɗaya bayan ɗaya. In furosesar AM4 ce, juya ta ka dubi ƙafafunta a haske, a Intel da AM5 kuwa ƙafafun a cikin soket ɗin bod suke, can za ka leƙa.

Daga nan ka buɗe fayil ɗin kyamararka, ka ja shi gaba da baya da sauri ka ga ko yana bin hannunka. Kwanakin gwajin da aka yi maka alkawari, ko uku ne ko bakwai, a rubuta su a jikin rasit tare da lambar siriyal ɗin katin. In aka ce maka janareto ba mai, ka dawo gobe da kuɗinka a aljihu.